Kunyar da Na Ara Ta Raba Ni da 'Yar Riƙona

Ina da shekara ashirin da biyu a lokacin, shekarata biyar a ɗakin miji, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Roni, karatuna bai wuce aji uku ba, don haka Edita a yi haƙuri da rubutun, da hannuna na yi shi, ina yi ina ajiyewa. Maigidana malamin dabbobi ne, mutumin Gwiwa, kuma tsakani da Allah bai taɓa yi mini gorin haihuwa ba ko da wasa. Ni ce ban bar kaina na huta ba. In aka yi suna a unguwa sai in je in sami lungu in zauna ina kallon masu jego, yadda suke zama, yadda suke miƙa jariri, yadda mai haihuwar fari take sunkuyar da kai in an yi mata barka kamar ba da ita ake ba. Babu abin da ban haddace ba na uwa, haihuwar ce kawai Allah bai kawo ba. In na dawo gida sai in rasa abin da ke yi mini daɗi, in share ɗakin da na riga na share, in sake jera kwanukan da ba wanda ya taɓa.

A shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, Malam ya kawo maganar riƙo. Wansa yana Gwiwa da 'ya'ya huɗu, ta huɗun mace ce tana nono. Bai tunkari wan nasa kai tsaye ba, sai da ya ɗauki kawunsu da ƙullin goro suka fara zuwa wajen Inna, mahaifiyarsu, don a gidan nan ba a yanke komai sai da ita. Wan ya ce ai babu abin roƙo a ciki, 'yarsa 'yar ƙaninsa ce. Matarsa, wadda nake kira Yaya, an ce ta ce in dai ni ce ta yarda. Inna ce ta sa sharaɗi. Ta ce sai an yaye yarinyar tukuna, kuma bayan an kai ta da wata huɗu ko biyar, in an gama girbi, ita da kanta za ta zo ta ga zamanmu. In hankalinta ya kwanta, to yarinya tawa ce har ranar da za a kai ta ɗakin miji. In bai kwanta ba, za ta dawo da abarta, kada kowa ya ji haushi. Na ce na ji na yarda. A raina ina cewa wannan wane irin sharaɗi ne mai sauƙi haka.

Wata takwas na yi ina jira. Na sayi zanin goyo biyu, na saƙa 'yar hula, na koyi dama kunun gyaɗa yadda yara ke so. Ana cikin haka aka yi wa Malam canjin wurin aiki zuwa Babura, sai tashinmu da ɗaukar yarinyar suka zo a mako guda. Ranar da muka je ɗaukar ta, Yaya da kanta ta ɗora mini ita a baya, ta ja majanyi ta ɗaure. Ta riƙa faɗa mini halinta da sauri da sauri kamar mai tsoron mantuwa. Ta ce ba ta shan kunu da zafi, ta ce in ta tashi daga barci sai an rungume ta kafin a ba ta komai, ta ce in ta faɗi ba ta daina kuka sai an hura mata wurin, ko da babu ciwo. Ta kira ni ƙanwata, ta ce yarinya ce mai son jiki, an saba mata da hannu, don Allah kada in bar ta ta nema ta rasa. Daga nan ta shige ɗaki tun kafin mota ta tashi.

A Babura gidan haya muka kama kusa da kasuwa, mu huɗu ne masu ɗakuna, kuma babu wanda ya san mu a garin. Malam yana fita da safe a kan sabon babur ɗinsa zuwa rugage allurar shanu, wani lokaci har bakin iyaka, sai yamma liƙis. Daga ni sai yarinyar. Kwana goman farko kuka ta yi ta yi tana nuna ƙofa, ni ma in taya ta. Sannu a hankali ta saba. Ta fara bi na bakin murhu tana riƙe da gefen zanina, ta fara tura mini lomar tuwo a baki da ɗan hannunta. Ban taɓa jin daɗin duniya irin na waɗannan makonni ba, kuma ban ɓoye ba. Ina kiran sunanta tun daga ɗaki har zaure, ina yi mata rawa, ina cilla ta sama a tsakar gida.

Akwai wata tsohuwa a gidan mai tuyar ƙosai, kowa Iya yake ce mata, bakinta ba ya shiru. Wata safiya ina yi wa yarinyar wasa sai ta tsaya da matsami a hannu ta tambaye ni ko tana da yayye. Na ce a'a, ita kaɗai ce a wurina. Sai Iya ta tafa hannu ta kira sauran matan su zo su ga ikon Allah, wai ga 'yar zamani tana rangaɗa wa 'yar fari suna da rana tsaka, ko kunyar idon mutane babu. Ta ce su a zamaninsu sai ɗan fari ya yi gemu uwarsa ba ta kama sunansa ba, wai ni kuwa saura kaɗan in haɗiye tawa. Matan suka yi ta dariya, ɗaya ta ce a bar ni, daɗin haihuwa ne ya yi mini yawa. Wannan kalmar ce ta kayar da ni. Daɗin haihuwa. Shekara biyar ina jiran wani ya dube ni ya ga uwa, ga shi yau matan gida sun gani ba tare da na ce komai ba. Abin da ya kamata in faɗa bai fi kalma biyar ba, cewa 'yar wan mijina ce. Na buɗe baki, sai na ji na sunkuyar da kai ina murmushi, irin sunkuyawar nan da na daɗe ina gani a gidajen suna.

Daga ranar na fara kunyar 'yar fari. Na daina kiran sunanta, sai dai in ce ke, ko in ce yarinyar nan. In ta zo ta hau cinyata a tsakar gida sai in sauke ta a hankali in ce ta je ta yi wasa. In aka ce ta yi kyau da kitso sai in kau da kai. In tana kuka da mutane a wurin sai in ci gaba da abin da nake yi har wata ta ɗauke ta, a riƙa ce mini kai wannan kawaici naki ya yi yawa, ni kuwa ina jin maganar kamar an shafa mini mai a zuciya. Duk abin da na haddace na zubo shi, har na fi masu haihuwar iyawa. Da mun shiga ɗaki na saki labule kuwa sai in rungume ta kamar zan mayar da ita ciki, in yi ta sumbatar ƙafafunta, in faɗi sunan nan a kunnenta sau goma don in rama. Malam bai san komai ba, domin shi abin da yake gani a ɗaki ke nan.

Abin da ban yi tunani ba shi ne yarinya 'yar shekara biyu ba ta san bambancin ɗaki da tsakar gida ba. Ita dai ta ga wani lokaci ina son ta, wani lokaci ina ture ta, ba ta san dalili ba. Ni mai lura ce, na ga lokacin da abin ya fara. Ta kan taho da gudu, in ta kusa isowa sai ta tsaya ta dubi fuskata tukuna. Daga baya ta daina tahowa. Akwai maƙwabciyarmu, mutuniyar wajen Jos, Kirista ce, mijinta kafinta, tana da yara uku, wurinta yarinyar ta koma. Ita ke hura mata ciwo, ita ke goya ta in tana rigima. Wata rana muna wanki matar nan ta ce da ni, da Hausarta mai daɗi, ita fa ta kasa gane wannan al'ada tamu, yaro bai san kunya ba, abin da ya sani hannu ne. Na yi dariya na ce haka muka gada. Ta ce to, amma in riƙa ɗan sassautawa. Maganar ta dame ni kwana biyu. Na yi niyyar in daina, sai in tuna in na daina Iya za ta fara tambaya, in ta fara tambaya kuwa sai ta kai ƙarshe. Na ce bari dai a ɗan ƙara kwana.

Ana gama girbin gero sai ga Inna, ranar kasuwa, a motar 'yan hatsi, da ƙullin daddawa da kuka. Na san kalma ɗaya daga bakinta za ta tona ni a gidan. Amma abin mamaki, babu abin da ya fito. Matan gida suna ce mata ga jikarki, ita ma tana cewa jikata, kuma duk gaskiya ne. Ita ba mai yawan magana ba ce, ta fi son ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta ja carbi tana kallo. Sai na shiga tsaka mai wuya. A ɗaki tana nan, ga nauyin suruka, ban iya sakin jiki da yarinyar a gabanta ba. A waje ga matan gida da na saba musu da wani hali. Wurin da nake rama son da nake ɓoyewa ya toshe. Kwana uku Inna tana gidan, ba ta ga na ɗauki yarinyar nan ba sai in zan yi mata wanka, ba ta ji sunanta a bakina ba ko sau ɗaya. Ni a wautata ina ganin ai ita ma babba ce, za ta ga natsuwa da kamun kai ne.

A rana ta huɗu da hantsi ina tankaɗen garin tuwo a ƙofar ɗaki. Iya ta gama tuya ta kwashe wuta, ashe wani garwashi ya gangaro gefe toka ta rufe shi. Yarinyar ta taho da gudu ba takalmi ta taka. Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena. Wallahi jikina ya tashi kafin in sani, rariyar ta karkace gari ya zube a zanina. Sai na ga idanun matan gida, na ga na Inna, na koma na zauna. Na zauna, Edita. Na ci gaba da kaɗa rariyar da babu komai a cikinta. Yarinyar ta ɗago ƙafa tana tsalle da ɗaya, ta dube ni, kallo ɗaya, sannan ta wuce ta gabana, kusa da ni har zaninta ya shafi gwiwata, ta faɗa jikin matar kafinta. Ita ta tsoma ƙafar a ruwa, ita ta hura, ita ta goya ta tana jijjigawa har ta yi shiru. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, an ce a mako guda ta warke, sai ɗan tabo.

Da abin ya lafa sai Iya ta matso kusa da Inna, wai za ta yabe ni. Ta ce Hajiya kin yi dacen suruka, irin wannan kunya sai a da. Ta ce tun da muke gidan nan ba ta taɓa ganin na ɗauki yarinyar nan a gaban mutane ba sai farkon zuwanmu, ko faɗuwa ta yi ba na ɗaga ido, ko sunanta ba na kamawa, da ba don matar kafinta ba ma da ba a san wa zai riƙa rarrashin ta ba. Tana faɗa tana dariya, sauran suna gyaɗa kai suna cewa ƙwarai kuwa. Inna ta dakata da jan carbi. Ta tambaya ko kullum haka ne. Suka haɗa baki suka ce kullum. Ba ta dube ni ba. Da yamma ta ce wa Malam gobe za ta koma, kuma za ta tafi da yarinyar ta yi Sallah a wurin 'yan'uwanta. Ni na haɗa wa yarinyar kaya. Na sa riguna uku kawai, na bar sauran, don in nuna wa kaina cewa dawowa za ta yi. A tasha Inna ta karɓi zanin goyo daga hannuna ta goya ta da kanta, tsohuwa da ciwon baya. Yarinyar ba ta yi kukan rabuwa da ni ba. Matar kafinta ta riƙa waiwaye tana nema.

Sallah ta wuce, mako biyu, mako uku. Matan gida suna tambaya yaushe 'yar fari za ta dawo daga gidan kaka, ina cewa sai an kwana biyu. Na kan zauna a ɗaki da rana in ji yaran maƙwabta suna wasa, in ƙirga muryoyin, in ji babu ɗaya. Da aka cika wata Malam ya hau babur ya tafi Gwiwa. Da la'asar na ji tsayuwarsa a ƙofar gida, na kasa kunne ko zan ji wata ƙaramar murya, sai takunsa kaɗai. Ya zauna bai cire hula ba. Ya ce Inna ta ce an ba ni yarinya ne in riƙe, ba in zuba mata ido ba, kuma abin da ta gani da idonta, da abin da maƙwabta suka shaida da bakinsu ba tare da an tambaye su ba, ya ishe ta. Ya ce ya yi ta rantsuwa cewa ina son yarinyar nan kamar raina, Inna ta ce shi yini yake a daji, me ya sani. Sai ya juyo ya tambaye ni, cikin sanyin murya, ko gaskiya ne ta taka wuta ina zaune.

Sai da na kwana biyu kafin na iya gaya masa dalili, domin duk yadda na juya maganar a bakina sai in ji ta zama abin dariya. Matar da ba ta haifa ba tana kunyar 'yar fari. Da na faɗa, ya fara murmushi kamar zai yi dariyar, sai kuma ya fasa. Ya ce me ya sa ban bar wa masu haihuwa kunyarsu ba, ai ita uwar riƙo don haka ake ba ta yaro, don ya sami inda za a so shi a fili. Ya sake komawa Gwiwa da wannan bayani, yana ganin zai gyara. Ashe ƙara ɓatawa ya yi. Inna ta ce da ƙiyayya ce ma da ta fi sanin maganinta. Ta ce wadda ta ɓoye wa maƙwabta uwar yarinya, wata rana yarinyar za ta ɓoye wa. Yaya kuwa ba ta aiko da zagi ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi a tambaye ni, abu ɗaya ta roƙe ni ranar da ta ɗaura mini majanyi, ko na tuna. A Babura ma maganar ta fita. Iya ta daina tsokana ta, sai gaisuwa a taƙaice, kuma wannan ya fi mini zafi a kan dariyarta. Shekara biyu muka ƙara a gidan nan, ban cika fita tsakar gida ba sai dole.

Yanzu muna Kazaure, kuma Allah cikin ikonsa ya ba ni haihuwa, ina da namiji da mace. Mutane suna cewa ai an share mini hawaye. Ina godiya ga Allah, amma wani yaro ba ya zama a gurbin wani. In mun je Gwiwa yarinyar takan zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda take gaida kowace baƙuwa, ta ce mini matar Baffa, ta tashi ta koma wajen uwarta. Ta girma, ta shiga makaranta, ba ta tuna Babura ko kaɗan. An ce in aka tambaye ta tabon da ke tafin ƙafarta sai ta ce ita ma ba ta san inda ta samo shi ba. Ni da Yaya muna gaisawa, muna cin abinci a kwano ɗaya in taro ya haɗa mu, amma ba ta sake ce mini ƙanwata ba.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan bakin Iya, daga baya a kan tsaurin Inna. Yanzu na san babu wanda ya ƙwace mini yarinyar nan. An ba ni ita da zuciya ɗaya, ni ce na ga riƙon bai ishe ni ba sai an ce ni na haifa, na tsaya neman sunan uwa a bakin mutanen da ba su haɗa komai da ni ba, na bar aikin uwar a hannun maƙwabciya. Don haka nake roƙon duk 'yar'uwar da ke shirin karɓar riƙo, musamman wadda ta daɗe tana jira irina, ranar da kika shiga da yaro cikin mutane ki faɗi ko ɗan wane ne da bakinki, tun kafin a tambaya. Zai yi miki ɗaci na yini ɗaya, daga nan kin huta. Kada ki ari halin kowa don a ce kin cika uwa. Ki kira sunansa da ƙarfi, ki ɗauke shi a gaban surukai da baƙi da duk wanda ke wurin, wanda zai yi dariya ya yi. Kuma in ya yi kuka, ko wa ke kallo, ki tashi.